Ƙwallon da Ta Riƙa Bauɗe wa Yaya Mani

Da wannan daminar shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Usman, wanda kowa a Nasarawa Burkullu ya sani da Mani. Shekara talatin ya yi a Kaduna yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf. Shi ya kira ni na same shi, aka ɗauke ni aikin yankan ciyawa, har yau kuma ina nan.

A wasan nan akwai wani kuskure da manya ba sa son ko ambatonsa. Mutum ya kai wa ƙwallo duka, maimakon ta faɗa a fuskar sanda sai ta bugi wuyanta, ta fyalle dama kamar akuyar da ta tsinke igiya. Mu ma'aikata bauɗiya muke ce mata. A kanta Yaya Mani ya yi suna. Ba ya saurin magana. Zai tsuguna ya duba sawun takalmin mutum a ciyawa, ya ga ko nauyinsa ya zube a kan yatsu. Zai auna ko ya matsa wa ƙwallo da yawa, ko hannayensa ne suke guje wa jikinsa lokacin sauko da sanda. Wani lokaci ya goga alli a kan sandar don ya ga inda ta taɓa. Yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nemi tsagar kafin a zagi ƙadangaren.

Ranar Litinin akan bar ma'aikata su yi wasa. A wata Litinin ce ƙwallonsa ta bauɗe, muka yi ta dariya. Mako ya zagayo ta sake, har sau huɗu a jere. Ya ja baya kaɗan, ta bauɗe. Ya mayar da nauyinsa kan diddige, ta bauɗe. Ya ajiye ƙwallo biyu kusa da juna yana neman ta kusa da shi, sanda ta ɗebi ta nesa. Wata biyu yana bin dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsokanarsa, wai wanzami ba ya son jarfa.

A cikin watannin nan na ga kofin shayi ya karkace a hannunsa na hagu har ya zuba a riga. Na ga yana jan ƙafa idan mun hau tudu. Na ce a raina gajiya ce.

Rannan bayan sallar la'asar ya miƙo mini hannun. "Garba, kama nan. Mi ka ji?"

Na ce, "Ban ji komai ba, Yaya. Matse mana."

Ya ce, "Ai iyakata ke nan. Ba tsayuwa ba ce, ba sanda ba ce. Hannun ne ba shi riƙo."

A asibiti aka ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa, har ɓarin jikinsa ya fara mutuwa. Likita ya so ya zauna kusa, shi kuwa ya ce gida zai koma wurin Inna. Na roƙe shi, ya ƙi. Wata biyar da komawarsa ciwon ya sake bugunsa, tsakiyar damina, ruwa ya cinye hanya, babur ba ya wucewa. Kafin a kai shi asibiti a Gummi rai ya yi halinsa. An binne shi ina cikin mota.

Yanzu idan ƙwallon mutum ta bauɗe, waya yake ba abokinsa ya ɗauke shi, su sunkuya suna kallon hoton a hankali. Nakan tambayi kaina me Yaya Mani zai ce. Ina jin zai karɓi wayar ya duba, don ba ya raina abin da bai sani ba, sannan ya tambayi mutumin ko ya yi barci, ko lafiyar gida. Abin da ban san yadda zan gaya masa ba shi ne halin da hanyarmu ta shiga. Gonarsa ta koma daji saboda tsoron 'yan bindiga, Inna tana zaune a Anka a ɗakin aro, ni kuma shekara uku rabona da kabarinsa. Da-na-sani ƙeya ce, amma har yau nakan lissafa watanni biyun da na ɓata ina dariya.

Bai bar gida a birni ba, babu kuma sunansa a allon gwanaye da ke bangon kulob ɗin golf. 'Ya'yansa mata biyu suna ɗakunan mazajensu. Sauran abin da ya bari yana jikin mutanen da ya gyara wa hannu, waɗanda yawancinsu ba su san ko daga wane gari yake ba.

Watan jiya wani dattijo, tsohon soja da ya daɗe bai zo ba, ya tare ni a bakin ramin ƙwallo na farko. Ya ce bauɗiya ta dame shi, in kira masa Mani. Na kashe injin yankan ciyawa na gaya masa rasuwar. Ya cire hula, muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a a tsakiyar fili. Ya mayar da sandarsa jaka, ya ɗauki jakar da kansa ya koma mota.

Allah Ya jiƙan Yaya Mani, Ya sa ciwon ya zama kaffara.