Baba Othniel da Tuffa Shida

Shekara ashirin da biyu ina sayar da kayan marmari a kasuwar Sabon Garin Zariya, kuma har yau in na buɗe kwalin tuffa ƙanshin ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Tuffar ba ta yi mini komai ba. Baba Othniel nake tunawa.

Mutumin wajen Zonkwa ne. Ya zo Samaru yana saurayi, ya fara da wanke-wanke a gidan wani Bature malamin jami'a, daga nan ya zama kuku. Gida ɗaya ya yi wa aiki duk rayuwarsa, a unguwar malamai, wani gida mai bishiyar mangwaro a baya. Wannan Bature ya tafi, wani ya zo, shi ma ya tafi, har guda biyar, Baba yana nan. A ɗakin bayan gidan, wanda ake ce wa boskwata, ya yi aure. A nan suka haifi ɗansu guda, daga nan kuma aka ɗauki gawar ɗan yana shekara sha tara. Matarsa, Mama Hephzibah, ƙawar mahaifiyata ce a zumuntar mata ta coci, shi ya sa tun ina ƙarama nake shiga ɗakin nan ba sallama.

Da Baturen ƙarshe ya tafi, malamin da aka ba gidan gwauro ne, ba ya cin abinci a gida. Ya bar su suna zaune, Baba yana share tsakar gida yana ba fulawa ruwa. A cikin shekarun nan ne idon Mama ya tafi gaba ɗaya. Amma in kin gan ta a gidan ba za ki ce makauniya ba ce. Taku huɗu daga gado zuwa ƙofa, sha ɗaya daga ƙofa zuwa famfo, bakwai zuwa gindin mangwaro inda take zama tana tsinar shinkafa da yatsu. Ita ke wanke kayanta, ita ke ɗibar ruwanta, in kika kama mata hannu sai ta buge naki. Duniyarta ke nan, kuma ta ishe ta.

Dukiyar Baba kuwa wani tsohon gwangwanin biskit ne da takardu biyar a ciki. Kowane Bature da zai tafi ya rubuta masa takardar shaida. Baba ba ya karanta Turanci, amma ya haddace su kaf, kuma duk biyar ɗin abu ɗaya suka fi yabo. Turawa suna da wani abu da suke ci da gasasshen naman alade, tuffa ce ake dafawa a dama ta ta yi laushi kamar fate. Shi afulsos yake ce masa. Ni faten tuffa nake cewa.

To, ga abin da ba ya cikin takardun. A zamanin da Baba ya koyi girki, ina za ki ga tuffa a Zariya? Matar Baturen farko ce ta nuna masa dabarar da Turawan nan ke yi in kwaɗayin gida ya kama su. A tsinko ɗanyen mangwaro tun ƙwallon bai yi ƙarfi ba, a fere, a yanka, a jiƙa a ruwan gishiri. A tafasa a ruwa mai yawa, a zubar da ruwan farko don ƙaiƙayi da tsamin su fita, a sake tafasawa, a tace a rariya, a zuba sukari ba tausayi, a ɗan barbaɗa kirfa. Shekara talatin yana yin wannan, baƙi suna lashe cokali. Turawan sun san mangwaro ne, ai su suka koya masa. Amma da suka zo rubuta takarda, ba wanda ya tuna ya rubuta haka.

A farkon shekarar 2005 gwauron nan ya yi ritaya, aka ba wani Dokta Akinola gidan, wanda ya dawo daga ƙasar waje da matarsa, Madam Winifred. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa. Na so in tsani matar nan, na yi ƙoƙari, abin bai yiwu ba. Ba muguwa ba ce. Ƙanwarta za ta zo karatu kuma tana bukatar ɗaki, ita kuma Madam tana bukatar mai girki, ɗakin bayan gida kuwa guda ɗaya ne. Ta kira Baba ta gaya masa gaskiya: in zai iya riƙe mata kicin, ɗakin nasa ne, ƙanwar ta nemi wuri a makaranta. In ba zai iya ba, ta ba su wata ɗaya.

Baba ya ɗauko gwangwaninsa. Ta karanta takardun ɗaya bayan ɗaya tana murmushi.

Ta ce, "Baba, kowa afulsos ɗinka yake magana. Shekara tara ina ci a can, tun da na dawo nake marmarinsa. Ran Asabar zan kawo tuffa, ka yi mini shi kawai, in ya yi mun gama magana."

Washegari sai ga shi a rumfata, ya hawo motar haya tun daga Samaru da farar rigarsa ta kuku wadda wuyanta ya cinye. Lokacin tuffa ta fara shigowa kasuwa sosai, jajaye masu sheƙi, kowace da 'yar takarda manne a jikinta. Ya ɗauki ɗaya yana jujjuya ta.

"Susanna, 'yata, yaya cikin abin nan yake?"

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Da na ga fuskarsa sai dariyar ta maƙale. Nan ya gaya mini zancen mangwaron, a hankali, yana waige-waige kamar wanda ya yi sata.

Na ce, "Haba, Baba. Ka je ka gaya mata mana. Mene ne a ciki?"

"In ce mata takardun ƙarya ne?"

"Wa ya ce ƙarya ne? Ka ce mangwaro ne, ita ta nuna maka na tuffa."

"Kukun da ake nuna wa girki ba kuku ba ne. Yaron wanke-wanke ne."

Kai, taurin kan tsohon nan ya ba ni haushi ranar. Na yi masa faɗa har maƙwabciyata mai ayaba ta leƙo. Ƙarshe na zaɓi wata tuffa da ta ɗan bugu a gefe na sa masa a aljihu, na ce ya je ya gwada da ita kafin Asabar, ya ga yadda take a wuta.

Bai gwada ba. Yana shiga ɗaki Mama ta ce mene ne wannan mai ƙanshi a jikinka? Ya ba ta ta shafa, ta kai hanci, ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa cin tuffa ba. Sai ya raba ta biyu, ya dinga kankaro mata da cokali tunda ba ta da haƙora, har ta cinye tas. Shi da kansa ya gaya mini daga baya. Har yanzu ban sani ba ko ya kamata in zage shi.

Ran Asabar na rufe rumfa na je in zauna da Mama. Daga gindin mangwaro ana hango cikin kicin ta ƙofar baya. Madam ta ajiye masa tuffa shida a faranti ta koma falo.

Hannun Baba bai tsufa ba. Ya fere su ɓawon yana saukowa a zare ɗaya bai tsinke ba, ya yanka su daidai wa daida. Ya jiƙa su a ruwan gishiri. Ya cika tukunya da ruwa ya zuba su, ya bar su suna ta tafasa. Ƙanshi ya cika tsakar gidan, Mama ta ɗaga kai tana shaƙa tana cewa an gode Allah. Daga nan ya sauke tukunyar, ya kai ta bakin magudana, ya tsiyaye ruwan farko.

Ina kallonsa. Ina zaune ina kallo, har ina gyaɗa kai, don ni ma a ganina haka ake yi. Ni mai sayar da tuffa. Duk daɗin abin da ƙanshinsa suna cikin ruwan nan, suka bi magudana suka wuce ta gaban ƙafata.

Ya sake zuba ruwa ya mayar wuta. Mangwaro ɗanye yana jure tafasa biyu, tuffa ba ta jurewa. Da ya buɗe murfi babu komai sai wani farin ruwa da ɓurɓushi yana yawo. Ya tace, ya zuba sukari irin na mangwaro, ya ɗanɗana. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Madam ta shigo ta ɗebi cokali ɗaya. Ta daɗe da shi a baki. Ba ta yatsine fuska ba, da ma ta yatsine.

Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, tsaya." Ashe tun da safe ya tsinki mangwaro ya yi irin nasa ya ɓoye a wani kwano da murfi. Ya miƙa mata. Ta ci cokali ɗaya, ta ƙara na biyu.

"Wannan da daɗi, Baba. Amma ai mangwaro ne."

"Shi nake yi musu."

"Duk su biyar ɗin?"

"Duk su biyar."

Ta dubi tukunyar farin ruwan, ta dubi tsohon. Ta ce da ya gaya mata tun farko, da ta tsaya sun yi tare. Ta ce ba tuffar ce ta dame ta ba. Maigidanta yana da ciwon sukari, akwai abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, ita kuma tana wuni a wajen aiki. Tana bukatar wanda in bai san abu ba zai buɗe baki ya ce bai sani ba. Na shiga na durƙusa mata, na gaya mata zancen idon Mama da takunta sha ɗaya. Ta yi hawaye, na gani da idona. Ta ƙara musu wata biyu a kan wata ɗayan, amma ba ta canza magana ba.

Ikilisiya ce ta samo musu ɗaki a Hayin Dogo, cikin gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu. Kwana uku da tarewarsu Mama ta tashi da safe, ta ɗauki bokitinta, ta yi taku huɗu ta sami ƙofa. Ta kama ƙirga sha ɗaya zuwa famfo. A taku na shida akwai kwata mai zurfi. Ƙashin ƙugunta ya karye, kuma ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba.

Bayan wata biyar wata mata 'yar gayu ta zo rumfata ta sayi tuffa goma, ta ce za ta dafa wa jaririyarta. Na riƙe ledar na ce sai ta gaya mini yadda ake yi. Ta gaya mini a tsaye, ko minti ɗaya ba ta yi ba. Tambayar da zan iya yi wa masu sayen tuffata tun kafin waccan Asabar, da na yi tunani. Da yamma na je Hayin Dogo da tuffa biyu, na sami Baba a bakin ƙofa.

Na ce, "A fere, a cire tsakiyar, a yanka. Ruwa rabin kofi. A rufe, wuta kaɗan, minti ashirin. A dama da cokali."

"Rabin kofi?"

"Rabin kofi."

"Ba a zubarwa?"

"Ba a zubarwa, Baba."

"Sukarin fa?"

"Ta ce in jajaye ne ko ba a sa ba."

Ya tsaya yana kallon kwatar nan. Can ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ya kunna risho ya yi shi a gabana. Ya fito lukwi, launin zuma, ƙanshi har ɗakin maƙwabta. Ya ɗebo a cokali ya hura, ya kai bakin Mama yana kiran sunanta. Lokacin ta kwana huɗu ba ta karɓar komai sai ruwa. Ta juya fuska ta bango.

Sai ya miƙo mini cokalin. Na ci. Ya yi daɗi, gaskiya ya yi daɗi ƙwarai, na gaya masa haka.

Ya ce, "To. Na iya." Ya rufe tukunyar, ya zauna a bakin gado yana riƙe da ita a cinyarsa. "Susanna, wa zan kai wa?"