Baƙin Inna a Akwatin Gilashi

Inna ba ta taɓa cin abinci kafin ta raba wa wani ba. Haka na buɗi ido na gan ta a gidanmu na Gafasa. In ta tuƙa tuwo sai ta zauna da mara a hannu, ta kwashe na Baba da baƙinsa a kai zaure, ta kwashe na 'yan aikin gona, namu na yara, har na maƙwabciyar da ta haihu. Sai kowa ya karɓa sannan ta kankare abin da ya rage a gindin tukunya ta ci. In ka ce ta fara ɗiban nata, sai ta harare ka ta ce mai rabo ba ya fara ci.

Bayan rasuwar Baba da wasu shekaru, hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na ɗauko ta na dawo da ita gidana a Gaya, inda nake koyarwa, saboda asibiti ya fi kusa. Magana ta dawo, ƙafa ta ɗan dawo, amma hannu ya ƙi. Babban yatsa da manuni ne kawai suke motsi. Za ta iya gutsurar loma, amma mara ta fi ƙarfinta.

Daga nan ta daina ci. Ba ta ce ta daina ba, Inna ba ta gardama da baki. Matata ta kawo tuwo, Inna ta ce an gode, Allah ya yi albarka, ta ja faifai ta rufe. A dawo a tarar da shi yadda aka ajiye. An sauya mata da kunu, da fura, da faten wake, duk ɗaya. Likita ya gaya mini ƙarara cewa ƙwayoyin da yake ba ta ba za su yi aiki a cikin da babu komai ba. Zoben azurfarta ya fara zamewa daga yatsa, har ta cire ta ƙulle a bakin zani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Wata rana na ce, “Inna, in rabo kike so, ga tukunya can, a kawo miki ki raba da hagu mana.”

Ta dube ni sama da ƙasa. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Ta ce, “Kai, da girmana in miƙa wa mutum abinci da hagu? Karatun da ka yi ke nan?”

Na fita ina huci, na rasa wanda zan sauke wa sai akuyar da ta shigo tsakar gida.

Akwai wani akwatin gilashi da na taɓa sa mai yankan gilashin taga ya haɗa mini don in nuna wa ɗalibai kifi. Kifayen sun daɗe da mutuwa, akwatin yana jingine a lungu. A bazarar shekarar na je Gafasa karɓo irin gyaɗa, na bi ta kududdufin bayan gidanmu, na tarar ya ƙafe ƙasarsa ta tsattsage. Sai na tuna wasu 'yan halittu da muke kamawa a ciki da farkon damina muna yara. Ba su kai ɗan yatsa tsawo ba, suna da ɓawo a baya kamar garkuwa, da jela mai reshe biyu, da ƙafafu barkatai a ƙasa. A littafi Triops ake ce musu, mu kuwa 'yan damina muke kiransu. Na taɓa karantawa cewa ƙwansu yana zama a busasshiyar laka shekara da shekaru yana jiran ruwa. Na ɓamɓaro lakar na cika leda, niyyata ɗalibai su gani. Wallahi ko kaɗan Inna ba ta zo raina ba a lokacin.

Da aka yi ruwan farko na tara a bakin indararo, na shimfiɗa lakar a akwatin na zuba. Ɗakin Inna na kai shi, don nan ne kaɗai ƙwallon yara ba ta shiga. Kafin mako ya zagayo, na dawo daga makaranta na ji Inna tana cewa, “Kai, zo nan.”

Ta jawo tabarmarta har gaban gilashin. Ruwan ya kwanta, ga su nan ƙanana suna ta kaiwa da komowa, wasu suna iyo a rigingine.

Ta ce, “Waɗannan ai 'yan damina ne. Na bayan gida.”

Na ce su ne, na fara yi mata bayanin ƙwai da laka. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce ƙarya ne, da ruwan sama suke saukowa, kowa ya sani. Na buɗe baki zan yi musu, sai ta tambaye ni, “Tun da suka zo an ba su abinci?”

Na ce ai suna tsintar abin da ke cikin lakar.

Ta ce, “Baƙi sun sauka gidanka ka bar su da tsince-tsince. Miƙo mini kwanon nan.”

Ta buɗe faifan da hagu, ta sa yatsun nan biyu na dama ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya, ta yi bisimilla ta saki a ruwan. Suka taru a kai. Ta zuba musu ido har suka cinye. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta gutsuri wata lomar ta kai bakinta. Ta ƙara. Matata tana tsaye a bakin ƙofa, ta sa mayafi ta toshe baki ta juya da sauri. Ranar Inna ta ci rabin malmala.

Haka muka shiga damina. Safe, rana, yamma, sai ta ba su sannan ta ci. Kunu ne, sai ta ɗiga musu. Ɗanwake ne, sai ta marmasa musu har da mansa. Fuskarta ta ciko, zobe ya koma yatsa. Ta fara faɗa a kan gishirin miya, abin da ya sa matata murna kamar an yi mata kyautar atamfa. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ƙato da ta ce shi ne maigidansu, ta ce cin sa irin nawa ne, hannu baka hannu ƙwarya.

Amma ni na san abin da ke tafe, kuma ya zo. Akwatin ƙarami ne, su kuma abin da ya kai ƙwayar gero ya ishe su. Tuwo da miyar kuka da man shanu kullum sau uku ba abin da suke yi sai ruɓar da ruwa. Maiƙo ya fara taruwa a sama, ruwan ya yi fari-fari, ɗakin ya ɗauki wari. Wata safiya na tsamo biyu a mace. Na ɓoye su a tafin hannu na fita, amma Inna ta ƙirga baƙinta ta ga sun ragu.

Na ajiye durom na ruwan sama, don na famfo kashe su yake yi. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai in zuƙe wani ɓangare na ruwan da tiyo in ƙara sabo, in tsince ragowar tuwo da cokali. Na dafa kabewa na daka busasshen kifi na kawo mata a murfin kwalba, na ce wannan za ta riƙa ba su, kaɗan-kaɗan. Ta shinshina ta ture.

Ta ce, “Abin da ba zan ci ba, ba zan ba baƙo ba.”

“Inna, ba mutane ba ne. Man nan kashe su yake yi.”

“Tun da nake ban taɓa jin wanda man shanu ya kashe ba.”

Raina ya ɓaci, na ce to daga yau sau ɗaya za a riƙa ba su, ni na kawo su, ni na san su. Ta ja faifai ta rufe kwanon. Sau ɗaya aka ba su, sau ɗaya ta ci. Na daure na ce bari dai ruwan ya gyaru tukuna. Ruwan kuwa ya gyaru, ya yi garau, har na fara jin na yi dabara. Sai ga shi wata rana da la'asar ta kira ni. Ƙaton nan ya danne wani ƙarami da bai daɗe da saɓa ba, jikinsa da taushi, yana ci tun yana motsi.

Ta ce, “Ka gani ko? Rowarka ta sa ɗan'uwa cin ɗan'uwa.” Hawaye na bin kuncinta.

Gaba kura baya sayaki ke nan. In na bar ta ta ciyar da su yadda take so, ruwa ya kashe su. In na hana, su cinye juna, ita kuma ta rufe kwano. Kuma ko an yi yaya, na san ba su da tsawon rai, damina ɗaya ma ba sa gamawa. Wannan ne ban iya gaya mata ba. Na mayar mata da kwanonta na ce ta ba su yadda ta ga dama. Na ƙara yawan sauya ruwa, ina yi ina jin tsoro kamar mai ɗaukar ƙwai a faranti. A aji sai in tsaya da alli a hannu, hankalina yana kan akwatin gilashi.

Suka ci gaba da raguwa. Da na ga saura kaɗan, na hau babur na nufi Gafasa da rariya da bokiti. Kududdufin ya cika ya batse, na naɗe wando na shiga har cinya ina tata. Kwaɗi na samu da 'ya'yansu, da tsutsotsi, da wani tsohon takalmi. 'Yan damina da ruwan farko suke zuwa, nasu lokacin ya wuce. Matan da ke wanki a bakin ruwa suna ta kallon malamin makaranta yana wasa da laka, ɗaya ta ce ko dai in je a yi mini rubutu in sha. Na ɗauki bokitina na bar wurin. A hanyar dawowa na sayi 'ya'yan tarwaɗa a wurin wani mai kiwon kifi. Inna ta leƙa bokitin ta ce waɗannan na kasuwa ne, ba su san ta ba, a fitar mata da su.

Ƙaton ne ya rage na ƙarshe. Ya daina iyo, sai jan jiki a kan laka. Tana sakar masa loma, ba ya ko matsowa, ita kuma sai ta jira, ta jira, sannan ta ɗan taɓa nata. Ranar da ya mutu ita ta fara gani. Na shigo na tarar ta zuba wa gilashin ido, kwanon koko a gefe ya huce.

Na durƙusa na ce, “Inna, sun bar ƙwai a cikin lakar nan. In ta bushe ƙamas aka zuba ruwa, wasu za su fito. Ki ci abinci ki jira su.”

Ta ce, “Baƙo raɓa ne. Sun ci rabonsu sun tafi.” Ta ja faifai.

Na tsiyaye ruwan na kwashe lakar na baza a tire. Sai ta bushe sarai ƙwan yake farkawa, in ba haka ba ko an zuba ruwa ba abin da zai fito. Ga shi kuwa tsakiyar marka ce. Rana ta leƙo in fitar da tire, hadari ya haɗo matata ta ruga ta shigo da shi. Na so in ɗora a kusa da murhu, na ji tsoron zafi ya dafa ƙwan. Wata rana da ta yi kamar ta bushe na kasa haƙuri, na ɗebi rabi na zuba ruwa, na kai gabanta. Muka yi ta kallo, ba abin da ya motsa. Manomi ne ubana, amma a shekarar nan ni kaɗai ne a Gaya nake jin haushin ruwan sama.

Inna ba ta yi rigima da kowa ba. Takan karɓi ruwa, takan kurɓi kunu in na matsa mata, don kawai in ƙyale ta. Zoben ya koma bakin zani. An kwantar da ita asibiti an sa mata ruwa, aka sallamo mu, aka sake komawa. Gero yana fitar da kai Allah ya karɓi abarsa. Muka kai ta Gafasa kusa da Baba.

Bayan an share makoki na dawo gida, na ga tiren a kan katanga inda aka manta da shi. Ruwa ya ɗauke, rana ta yi kwanaki tana dukansa. Lakar ta bushe ƙamas, ta tsattsage, daidai yadda nake nema.

Na juye ta a gwangwanin madara na rufe, yana nan a saman kwabar ɗakina. Damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba, kuma duk ruwan farko sai matata ta tambaye ni ko a tara a indararo. Nakan ce a bari tukuna. Ban san ko suna nan da rai a ciki ba, kuma ba na son in zuba su fito alhali wadda za ta ba su tuwo ba ta nan.

Abin da ya rage mini shi ne wannan. In aka ajiye mini abinci na yi bisimilla, sai in ga na gutsuri ɗan kaɗan da yatsu biyu, na dangwali miya, na riƙe a sama. Sai in rasa inda zan sa shi, in ajiye a gefen kwano.