Gaisuwar Baba Ta Fi Ƙarfin Imel

Shekarar da ƙafafun Baba suka kumbura muka ɗauko shi daga Gangara zuwa gidana a Sabon Birni, don ya fi kusa da asibiti. Bai so ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da masallaci, sai ga shi kwance a ɗakin 'yarsa, yana tambayar duk wanda ya shigo ko gero ya fara fitar da kai.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, ni da ƙanena. Ƙanen nawa ya bar gida ana tsakiyar noma, ya bi wasu 'yan kasuwa ta Nijar, har ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin gina hanya can cikin hamadar Aljeriya. Ranar da zai tafi, Baba ya ce masa a gaban mutane ya je, amma ba da albarkarsa ba. Shekaru suka shuɗe maganar nan tana tsaye a tsakaninsu. Su biyun taurin kai gare su, ni ce a tsakiya nake shan wahala.

Inda yake aiki babu sabis na waya. Kwamfuta ɗaya ce a ofishinsu, ranar Juma'a kawai ake barin ma'aikata su duba imel, layin kuma ga shi da nauyin jiki. Ta nan nake aika masa 'yan layuka, shi ma ya maido da 'yan layuka.

Wata safiya, bayan likita ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya, Baba ya ture kofin kunu ya ce, “Ɗauko wayag ga taki mai ɗaukar mutum. Za ni magana da yaron ga.”

Na ɗauko wayar da sauri. Ya sa na ciro masa farar rigarsa da hula, na jingina shi da filo, na danna. Ya yi sallama, sai ya yi shiru. Na ce, “Baba, ci gaba, tana ɗauka.”

Ya harare ni. “Ke, bari shi amsa mana.”

Haka muka yi ta yi. Ina kwana, shiru. Ina gajiya, shiru. Ina aiki, ina baƙunta, ina mai gidanka, ina abokan zama, kowace da shirunta, yana gyaɗa kai kamar ya ji amsar. Da ya gama sai ya shiga labarin gari, wanda ya rasu da wanda ya haihu, da gonar da aka daina zuwa saboda tsoro. Hannuna ya ƙage. Can a ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, “Abin da nic ce ranan nan, na janye. Na yahe maka duniya da lahira. Allah shi yi maka albarka.” Ya share fuska da hannun riga ya ce in kashe.

Na ɗauka an gama. Na ruga shagon kwamfuta da ke bakin tasha, mai shagon ya liƙa bidiyon a imel, imel ya ce ya yi masa girma. Ya sake gwadawa, amsar ɗaya ce. Ya matse shi har fuskar Baba ta dushe, duk da haka bai shiga ba. Ya ce a ɗora shi a wani rumbu na intanet a aika da adireshin, na ce kwamfutar kamfanin nan ba ta buɗe irin wannan, mun taɓa gwadawa da hotunan suna. Ranar na ji haushin duk wanda ya ƙera imel. Abu ya ɗauki takardun ofis na duniya, amma ya kasa ɗaukar tsoho ɗaya mara nauyi.

Mai shagon ya ce dabara biyu ta rage. Ko a yanke shirun duka, don kusan rabin bidiyon shiru ne, ko a raba shi uku. Matsalar rabawa ita ce layin su ƙanena ba ya iya sauke fiye da kashi ɗaya kafin a tashe shi daga kan kwamfutar. Ke nan Juma'a uku.

Na koma gida na yi wa Baba bayani. Batun yanke shiru ko saurara bai yi ba, ya ce in an cire, a ina yaron zai sa bakinsa? Na ce to, a raba, amma in fara aika na ƙarshen, wanda ya fi muhimmanci.

“Wa ak koya miki haka?” in ji shi. “Ɗana na, shekaru ban gane shi ba, sai in afka mishi da magana ba gaisuwa, awa ɗan sanda? Yadda nif fara, haka za shi ji.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Baba, lokaci fa!”

“Lokaci na Allah na,” ya ce, ya juya fuska bango.

Da na so, da na aika na ƙarshen bai sani ba. Na tsaya a shagon nan ina kallon kashi ukun, na kasa. Maganarsa ce, shi ke da ikon jera ta. Na aika gaisuwar.

Amsa ta zo ranar Juma'a da yamma, murya ce kawai, 'yar ƙarama. Ƙanena ya kunna bidiyon ya ɗauki kansa yana amsawa. Baba ya ce ina kwana, shi kuma daga can ya ce, “Lahiya lau, Baba.” Ina gajiya, “Babu gajiya, Baba.” Kowace amsa ta faɗa daidai cikin shirun da aka bar mata. Wajen ina baƙunta muryarsa ta karye, ya kasa. Baba ya sa na maimaita masa har batir ya mutu, yana murmushi, hawaye na shiga kunnensa. Ya ce, “To, ya amsa. Aika mishi saura.”

Na aika labarin gari a Juma'a ta biyu. Kafin ta uku ta zo, Baba ya rasu, da hantsi, kansa a kan cinyata. Aka kai shi Gangara kamar yadda ya roƙa. Ni ce na zauna a shagon nan, idanuna a kumbure, na rubuta wa ƙanena rasuwar, na liƙa kashi na ƙarshe a jikin saƙon. Wannan karon imel bai yi gardama ba, nan take ya tafi.

Ƙanena ya dawo gida bayan shekara. Na tambaye shi ko ya ji abin da Baba ya ce. Ya sunkuyar da kai ya ce bai buɗe ba. Na taso masa da faɗa, na ce albarka ce a ciki, yafiya ce, ni na riƙe wayar, da kunnena na ji, me yake jira?

Ya ce, “Na sani, Yaya. Amma yanzu Baba bai gama magana da ni ba. In na buɗe, ya gama.”

Har yau bai buɗe ba, ni kuma na daina tambaya.