Bal Govind, Muryar da Aka Musanya da Na'ura

Da hantsin ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, yayana Bal Govind ya rasu a gidansa da ke unguwarmu ta manoman rake, a bayan garin Tavua. Shekararsa saba'in da huɗu. Matarsa Dulari ce ta leƙo ta kan shinge ta kira sunana, kuma daga jin kiran na san abin da ya faru. Na ajiye kwaɓin gurasar roti na bi ta. Yana zaune a kan tabarmarsa, ya harɗe ƙafafu, bayansa jingine da bango, irin zaman da yake yi kowace safiya tun ina yarinya. Ni ce ƙanwarsa Sursati, autar gidanmu, kuma yanzu ni kaɗai na rage cikin 'ya'yan mahaifinmu.

Bhaiya, yayana, an ba ni shawara in yi rubutu mai sanyi, in ambaci alherinka in bar sauran. Zan ambaci alherin, domin yana da yawa. Amma sauran ma sai na faɗa. Na daɗe ina haɗiyewa, na gaji.

Ba a gidan malamai aka haife ka ba. Mahaifinmu yankan rake ya sani, kai ma shi ka tashi kana yi. Wurin tsoho Mangru ka koyi ibada, ɗaya daga cikin mutanen ƙarshe da aka kwaso daga Indiya a jirgin ruwa aka kawo su wannan tsibiri aikin gona. Mangru ya manta sunan ƙauyensu, ya manta fuskar uwarsa, amma bai manta Om ba, sautin nan mai tsarki da muke rerawa a ibada. Shi ya miƙa maka, kai kuma ni ka fara koya wa, a bayan ɗakin girki, lokacin ko gashina ban iya ɗaurewa ba.

Na tuna na buɗe baki na saki murya iya ƙarfina, har kaji suka watse.

Ka ce, "Ke Cotki, wa ya ce miki Ubangiji kurma ne?"

Da wannan suna kake kirana, 'yar ƙarama, har na yi furfura. Ka ce Om sauti uku ne a haɗe, A da U da M. Ka ɗora hannuna a cikina ka ce daga nan A yake tasowa. Ka mayar da shi ƙirjina ka ce U ta nan yake ratsawa. Sannan M, in rufe leɓe in bar shi ya ƙare don kansa, kada in yanke shi. Da na girma ka ƙara mini bayani. Ka ce na farkon farke ne, inda muke noma da rigima. Na biyu mafarki ne. Na uku barci ne mai nauyi, wanda mai gona da ɗan ƙwadago ba su da bambanci a cikinsa. Bayan su kuma akwai shiru, kuma saboda shirun nan ake yin sauran, domin a nan mutum yake tsayawa gaban Ubangiji babu suna babu kaya. Kana yawan cewa ba mu muke ƙirƙirar sautin ba, yana nan tun kafin a yi teku, shiga cikinsa kawai muke yi.

Ban san nauyin maganar ba sai shekarar da motar rake ta kife da mijina Ram Autar a kan gangaren hanyar masana'antar sukari. Aka bar ni da yara ƙanana. Na daina ci, na daina magana. Mata suna shigowa suna ba ni haƙuri, ina kallon bakinsu kamar da wani yare suke yi. Kai ba ka taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Kullum kafin ka tafi gona sai ka shigo, ka zauna a bakin ƙofa, ka yi Om ɗinka a hankali, ka tashi ka tafi. Wata rana haushi ya kama ni.

Na ce, "Bhaiya, ka ɗauke mini wannan gunjin naka. Ba zai dawo da shi ba."

Ka ce, "Ai na sani. Ke nake so ya dawo da ke."

Washegari ka dawo kamar ban ce komai ba. Ban san ranar da na fara bin ka ba. Na dai ji ƙirjina yana rawa, numfashina ya sauka har ƙasa, abin da na daɗe ban ji ba. Ranar na yi kuka na gaske, na kuma ci abinci.

Mutanen unguwa ba za su manta shekarar babbar guguwa ba, da muka taru a makaranta, mu da maƙwabtanmu 'yan asalin ƙasar na ƙauyen gaba. Kwanon rufi yana tashi sama kamar ganye, yara suna ta kururuwa. Ka tara su duka, namu da nasu, ka ce kowa ya ɗora hannu a cikinsa ya bi ka. Kafin iskar ta lafa wasunsu har sun yi barci. Abokinka Sakiusa, dattijon coci, ya dafa ka yana dariya ya ce, "Govind, yau ƙugin kudan zuman nan naka ya fi wa'azina aiki. Amma kada ka faɗa wa matata."

Mandir ɗinmu na farko, wato ɗakin ibadarmu, kai ka ɗauko ginshiƙansa a kafaɗa daga bakin rafi. Katako ne da kwano, in ana ruwa sai an kafa bokiti a tsakiya. Shekara da shekaru kai ne kake jan ibadar asuba a wurin, ba wanda ya naɗa ka, ba ka kuma taɓa neman a kira ka Pandit, wato malamin addini, ba. Duk wanda ya iya zaman natsuwa a unguwar nan, a hannunka ya koya. Cikinsu har da Jai Karan, ɗan maƙwabcinmu, wanda in'ina ta hana shi ko amsa sunansa a aji. Yara suna kwaikwayonsa, ubansa yana marinsa wai iskanci ne. Kai ka riƙa zaunar da shi kusa da kai kana koya masa jan numfashi da sakin sauti a hankali, har harshensa ya warware. Ya girma, ya buɗe shagon kayan gini a gari, ya zama shugaban kwamitin mandir.

Sai ciwon ya zo. Muryarka ta fara dishewa, muka ɗauka mura ce, ashe ciwon daji ne a maƙogwaro. Likitoci sun yi iya yinsu, sun ceto ranka, amma sai da suka cire inda murya take fitowa. Ka dawo gida da 'yar huda a wuya, kana rufe ta da farin ƙyalle. Ina nan a safiyar farko da ka hau tabarmarka, ka gyara zama, ka buɗe baki. Iska ce kawai ta fito, ƙyallen ya ɗan motsa. Ka sake gwadawa. Daga nan ka sunkuyar da kai.

Masu daɗin baki sun ce mini wai ka shiga shirun nan da kake koyarwa, wai daraja ce aka ƙara maka. Su ba su ga hawayenka ba. Ni na gani. Mutum ne aka raba shi da abin da ya fi so a duniya, kuma ya ji zafin.

A wannan tsakanin ne 'yan uwanmu da suka koma ƙetare, Auckland da Sydney, suka aiko da gudummawa, aka rushe tsohon mandir aka yi na siminti, ƙasa tana sheƙi. Ban ƙi wannan ba, ruwa ya daina zuba a kanmu. Amma tare da ginin aka kafa lasifika a kowace kusurwa, aka kawo wata 'yar na'ura da take rera Om da muryar wani da ba mu sani ba, tun asuba har rana ta faɗi. Da ka sami ƙarfi ka koma, sai ka tarar an ɗora na'urar a kan teburi daidai inda kake zama. Ba ka nuna komai ba, ka koma baya ka zauna cikin jama'a.

Ko nan ɗin ma ba su bar maka ba. Wata yamma Jai Karan ya zo gida. Dulari ta kawo masa shayi, ya sha, ya yaba, sannan ya gyara murya.

Ya ce, "Guruji, malaminmu, gani muka yi ya kamata ka huta haka nan. Baƙi suna yawan zuwa yanzu daga waje, kuma tarin nan da kake yi yana ɗan katse wa mutane natsuwa. Yara ma suna jin tsoron wuyan. Ai ibada ko a gida an yi."

Na ce, "Jai Karan, kai ne yau kake zuba magana haka tiryan-tiryan a gaban mutumin nan? Wa ya kwance maka harshen?"

Ya ce, "Haba Fua, ba ni kaɗai ba ne. Shawarar kwamiti ce."

Fua, wai ni 'yar uwar ubansa ce. Ranar na ji kunyar sunan. Ina shirin ƙarawa ka riƙe wuyan hannuna ka girgiza kai. Ka haɗa tafukanka ka yi masa godiya. Har bakin shinge ka raka shi.

Amma ba ka daina zuwa ba. Kowace asuba sai ka tafi ka zauna a gindin mangwaron ƙofar mandir, kusa da inda ake ajiye takalma. Mutanen da ka koya wa numfashi su zo su cire takalmi a gabanka, su ce sannu Guruji, su wuce ciki. Babu wanda ya taɓa cewa tashi mu shiga tare. A ciki kuma ba mai buɗe baki, tunda na'ura tana yi musu. Wasu suna duba waya, wasu suna ɗaukar hoto. Na'urar kuwa ba ta numfashi, saboda haka ba ta tsayawa. Da wannan ya ƙare wancan ya hau kansa, ko ɗan shiru babu a tsakani. Na tambaye ka yadda kake ji da ita, sai ka juya yatsa a iska, zagaye bayan zagaye, ka yi murmushi ka ɗaga kafaɗa.

Ni na daina zuwa, kuma ka ji haushina a kan haka fiye da yadda ka ji haushinsu. Da ka ga ba zan sauko ba, sai wata safiya ka shigo gidana ka zauna a bakin ƙofa. Ka kama hannuna ka ɗora a cikina, ka kai shi ƙirjina, ka taɓa leɓena. Na gane. Na fara, kai kuma ka ɗora tafinka a bayana, idonka a rufe, kana jin rawar sautin a hannunka. In na gaggauta sai ka danna ni kaɗan. In na yanke M da wuri sai ka ɗan mintsine ni, kamar ina 'yar shekara shida. Haka muka yi ta yi har ƙafafunka suka gaza, ni na riƙa zuwa wurinka. Wannan kaɗai ya rage maka daga cikin duk abin da ka shuka a unguwar nan: bayan tsohuwa guda mai gajeren numfashi.

Ranar da za a kai ka maƙona, inda muke ƙona gawa, an kafa rumfar kwano a tsakar gida, ta cika har waje. Jai Karan ya zo da furanni mafi girma a wurin. Ya yi jawabi mai tsawo, ya kira ka ginshiƙin al'umma, ya ce kwamiti zai rataya hotonka a bangon mandir. Da ya gama sai ya ciro 'yar lasifika daga jaka ya kunna Om ɗin na'ura a kan gawarka.

Dulari, wadda tunda aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta miƙe.

Ta ce, "Kashe abin nan."

Ya ce, "Mataji, uwarmu, don girmama shi ne ai."

Ta ce, "Na ce ka kashe. Duk mai son girmama shi yana da baki."

Ya kashe. Wurin ya yi tsit, kowa yana kallon ƙasa, ba wanda ya fara. Sai na fara. Mutane suka biyo baya ɗaiɗai, a rarrabe, wasu numfashinsu ya ƙare tun kafin su kai U, wasu suna tari. Sun daɗe ba su yi ba. Sakiusa, da sandarsa, yana daga baya yana bi da ƙugi. A cikin wannan hargitsi na ji wata murya guda tana tafiya daidai, daga ciki zuwa ƙirji zuwa leɓe, ba gaggawa, ta ƙare don kanta kamar yadda kake so. Na waiwaya. Jai Karan ne.

Wannan ne ya fi komai ƙona mini rai, Bhaiya. Bai manta ko kaɗan ba. Da mantawa ya yi, da na ce jahilci ne na yafe masa. Ya san abin da ka ba shi, ya san darajarsa, yana ɗauke da shi a ƙirjinsa duk safiyar da ya wuce ka a wurin takalma.

Ɗanka Deo Raj ya zo daga Brisbane ya yi maka duk abin da ɗa yake yi wa uba, ya kai tokarka teku. Washegari da asuba na ji na'urar mandir ta tashi kamar kullum.

Na san da kana nan da ka riƙe hannuna ka hana ni wannan rubutu. Ka yafe mini, ban kai ka ba.

Ubangiji ya ba ranka natsuwa, Bhaiya. Ya karɓe ka da tausayi, ya sauke maka nauyin wannan jiki da ya wahalar da kai, ya haskaka maka hanyar da ke gabanka. Ya saka maka da alherin kowane yaro da ka kwantar wa hankali, da kowace gwauruwa da ka zauna a ƙofarta. Om shanti, salama ta tabbata a gare ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bhauji Dulari, matar yayana, wadda ta yi jinyarsa ba ta taɓa kau da kai daga raunin wuyansa ba. Ga Deo Raj da 'yar uwarsa Kusum, da jikoki, na nan da na ƙetare. Ga Sakiusa, da ya rasa abokin hira. Ubangiji ya ba mu juriya baki ɗaya.

'Yan kwamiti kuwa, ban yi muku ta'aziyya ba. Ku ba ranar Laraba kuka rasa shi ba, tun yana raye kuka sallame shi.