Jirgin Ruwa a Kan Allon Zayyana

A farkon mulkin soja, lokacin da ake bin layin burodi tun asuba, ina zaune a Umdurman ta ƙasar Sudan ina yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo. A nan wani magidanci ɗan ƙasar Tailan ya same ni. Karatu ya kawo shi Khartum, ya haddace, saura wata biyu ya koma gida. Da Larabci muke magana.

Duk Juma'a yakan tsallako gadar Nilu, sojoji su duba takardunsa, ya zo mu sha shayi. Ya ce lardinsu yana can ƙurewar kudu, teku a gabas, duwatsu masu duhun daji a yamma. Ruwan sama sai ya yi kwanaki bai ɗauke ba. Shinkafa suke nomawa, suna tsaga bawon itacen roba su tari ruwansa. A da suna da sarakunansu Musulmi, daga baya ƙasar ta koma hannun sarkin babban birni. Tambarin lardin jirgin ruwa ne, a jikin ƙyallen da iska ke turawa an zana farar giwa, wadda aka taɓa samu a dajinsu aka kai wa sarki.

"Malam, shi nake so a ƙasan allona," in ji shi. "Mahaifina ya ce duk wanda ya tafi ƙasar Larabawa yana dawowa yana raina gida. Ina so ya gani da idonsa cewa ban raina ba."

Na ce, "Ɗana, jirgi zan zana. Amma ban taɓa sa mai rai a allon da ke ɗauke da Fatiha ba, ba kuma zan fara da giwa ba."

Ya shanye shayinsa.

Ni ban taɓa ganin teku ba. Sai na gangara bakin Nilu inda ake sassaƙa jirage, na zauna na ƙare wa ɗaya kallo. Kwana huɗu ina aikin, da tawada ja da kore da ruwan ɗorawa. Ƙyallen kuwa na bar shi fili, farin icen allon kawai.

Da ya zo karɓa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ai jirgin ɗaukar albasa ne, Malam. Namu siriri ne, hancinsa a sama, jikinsa duk ado."

Na ce a kankare a sake. Ya hana. Ya ɗora yatsa a kan filin da na bari.

"Giwar dama fara ce. Tsohona ya san inda take tsayawa."

Ya naɗe allon a cikin rawaninsa ya tafi. Bayan wata bakwai wasiƙa ta iso, an buɗe ta a hanya an sake liƙewa. Ya ce mahaifinsa ya rataye allon a ɗakinsa, yana nuna wa baƙi wurin giwar, yana kuma tambayar ko da gaske mutanen Sudan suna shiga irin wannan jirgi.