Amanar Ɗan Maciji

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, maƙwabcina a Gusau, wani malamin kimiyya ɗan kudu, ya tashi tafiya dogon hutu. Yana da ɗan maciji ja mai zane a akwatin gilashi, kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya ce ba shi da dafi, daga ƙasar waje aka kawo shi. Ni ya ba amana, don na shekara ina cika baki a majalisa cewa tun ina goye aka ba ni maganin maciji.

Umarninsa ɗaya ne: jinjirin ɓera guda, duk mako. Na gyaɗa kai kamar alƙali. A raina kuwa na ce, baƙo daga ƙasar waje, a ba shi ɓera a gidana? Aji huɗu na yi, amma na san mutunci.

Na zuba masa nono a murfin kwalba, bai kalla ba. Na kawo ƙwan zabuwa, ƙwan ya ninka kan macijin girma. Mai ɗakina ta tambaya ko ta dama masa fura.

Ya kwana goma sha biyu bai ci komai ba, idanunsa suka yi fari. Hankalina ya tashi, na hau mota zuwa Bungudu neman ɓera, na zura kai cikin rumbun ƙanena, ƙafafu a sama. Ya ce, "Yaya, da furfurarka kusu kaka farauta?" Na samo uku, na zo da su cikin hula.

Macijin ya ƙi ci.

Ranar Juma'a na leƙa, sai na gan shi a miƙe, fari fat, ya bushe kamar ɓawon albasa. Na yi salati, na zauna ina shirya kalaman ta'aziyya. Mai ɗakina ta zo ta ɗaga fasasshen kaskon da yake ɓuya a ciki. Ga shi nan a naɗe, yana sheƙi.

Ta ce, "Malam, mai maganin maciji ne bai san saɓa ba?"

Washegari ya haɗiye ɓera guda. A kan muciya na miƙa masa, ƙafata ɗaya a bakin ƙofa.

Da malamin ya dawo ya ga abinsa lafiya, ya shaida wa majalisa cewa ni gwani ne. Ban musa ba, musu da mai ilimi ba kyau. Saɓar kuwa tana cikin gwangwanin mai ɗakina har yau. Da na fara zancen macizai gaban baƙi, sai in ji tana taɓa murfin.