Mai sauraro daga Sunke

Tun ina sakandare a Gummi, a gidan kawuna, na fara karanta littattafan ban tsoro. Ɗiyarsa, wadda ta girme ni kaɗan, ita ke sayo su a kasuwa, in ta gama ta miƙo mini. Yawanci labaran aljanu ne da mayu, da matattun da suka ƙi kwanciya. Inna, matar kawun nawa, ba ta so. Takan ce mutum yana zaune lafiya ya je ya sayo wa kansa fargaba, amma ba ta taɓa hana ni ba. Da na gama makaranta na koyi aikin jinya na dawo Anka, Yaya kuma, haka nake kiran ɗiyar kawun nawa, ta zama malamar firamare a Gummi. Ba mu daina ba. In ta gama littafi sai ta ƙunshe shi a leda ta ba direban motar kasuwa, ni ma in yi mata haka. Wani sa'in littafin kan iso yana warin busasshen kifi.

Lokacin da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari, ina cikin waɗanda aka tura ɗakin yara na asibiti. Ana kawo su daga Sunke da Tungar Daji da sauran ƙauyuka, wasu suna amai, wasu suna jijjiga, wasu sun riga sun yi laushi. Maganin na ɗaukar makonni, saboda haka iyaye mata ke zama da su a asibiti. Aikina in auna nauyin yaro, in tabbatar ya haɗiye maganinsa, in yi wa uwar bayani.

A nan na san Sista. Kirista ce daga Filato, ta girme ni sosai, ta daɗe tana aiki a yankinmu har Hausarta ta fara ɗaukar harshen nan. Wata rana na ga littafin Turanci mai kauri ya leƙo daga jakarta, bangonsa da hoton gida da taga ɗaya a kunne. Na tambaye ta, ta ce na tsoro ne, in ta je gida hutu take sayo su wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Na ce ni ma na tsoro nake karantawa, amma na Hausa. Daga ranar muka riƙa zama tare lokacin hutun azahar, a gindin bishiyar dogon yaro da ke bayan ɗakin, kusa da famfon da iyaye mata ke wanki. Ita ta ba ni labarin inda ta kai a nata, ni in ba ta nawa.

Ba mu cika yarda da juna ba. Sista takan ce namu ba su da ban tsoro, tunda tun daga shafin farko ka san malam zai zo a ƙarshe ya yi karatu aljani ya ƙone. Ni kuma nakan ce nata ba sa kama ni, don ban ga dalilin da zai sa mace ta zauna ita kaɗai a ƙaton gida a bayan gari ba. A gidajenmu fatalwa ko wurin tsayawa ba za ta samu ba.

Cikin masu wankin akwai wata mata daga Sunke, siririya, ba ta cika magana ba. Ɗiyarta ba ta daɗe da yaye ba. Ni ke ba yarinyar magani, don haka na san labarinsu. Mijinta na haƙo dutse ya kawo gida, ita ta daka a tsakar gida, yara na wasa a cikin ƙurar. Ɗanta na fari ya rasu kafin a gane mene ne. Ta ce da farko duk ƙauyen iska suka zata, an yi ta hayaƙi da rubutun sha. Yarinyar ta zo tana jijjiga, da jijjigar ta lafa sai ya zamana ba ta tafiya, kuma 'yan kalmomin da ta iya sun ɓace. Matar ta gaya mini wannan ne tana riƙe da haɓar yarinyar ina ɗura maganin, muryarta ba ta canza ba.

Wata rana Sista na cikin labarin wasu mata da miji da suka tare a gidan da ɗaki ɗaya ke da sanyi ko da rani, sai aka kira mu. Mun miƙe ke nan matar ta ɗago daga kan bahonta.

"Sista, ba ki ida ba," in ji ta. "Mi yas samu matar?"

Sista ta ji kunya. Daga baya ta ce mini ba ta san ana jin mu ba, kuma tana ganin bai dace a riƙa labarin mutuwa a bayan irin wannan ɗaki ba. Har mun yi shawarar bari. Washegari da muka fito muka tarar matar ta jawo bahonta har gindin bishiyar, yarinyar na goye. Sista ta dube ni, ta zauna, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Matar ba ta iya karatun boko ba. Tana sauraro ne hannunta na cikin ruwa, ba ta salati, ba ta dariya. Sai an gama take faɗin ra'ayinta, gajere. Da na ba da labarin wani littafi da Yaya ta aiko, ta ce aljanin ya cika surutu, abin da ke yawan magana ba ya ba da tsoro. Na rubuta wa Yaya haka, ta aiko da amsa cewa matar ta yi gaskiya. Wasu iyayen ma sun riƙa matsowa. Wata tsohuwa da ke jinyar jikanta ta ce muna kiran abin da ba mu iya korewa, sai muka matsa can gefen katanga, mai so ya biyo mu.

Sau ɗaya na tambayi matar ta Sunke ko labaran ba sa damunta, ga halin da take ciki. Ta ce in tana sauraro ƙirjinta na bugawa saboda matar cikin labari, in an tashi kuma ya daina, ta fi son wannan.

Aka sallame su. An kankare ƙasar gidajensu an zuba sabuwa, ta koma. Tana kawo yarinyar awon jini lokaci lokaci, kuma kafin ta hau babur takan neme ni ta ji me nake karantawa. Yarinyar ta fara tafiya tana jan ƙafa ɗaya. Magana ba ta dawo ba. Daga baya hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, zuwan mutanen ƙauye ya ragu, na daina ganinta. Sista ta yi ritaya ta koma gida. Ni na yi aure na haihu, karatuna ya ja baya, amma bai tsaya ba.

Da manyan wayoyi suka yawaita, Yaya ta buɗe mana zaure a waya, na masu karanta littattafan tsoro. Ni da ita da Sista ne farko, sannan ta ƙaro abokan aikinta da wasu da ban taɓa gani ba. Kowace Juma'a bayan la'asar wani zai tambaya me ake karantawa, kowa ya faɗi nasa, ya ce ko ya cancanci a nema. Doka ɗaya ce Yaya ta kafa, ba a faɗin ƙarshen labari.

Shekaru sun wuce sosai kafin na sake haɗuwa da matar. An tura mu aikin rigakafi Bukkuyum, na shiga kasuwa neman ƙuliƙuli, mai sayarwar ta kira ni Malama. Ta yi jiki kaɗan, ban gane ta ba sai da ta ambaci Sista. Ta ce sun baro Sunke da rashin zaman lafiya ya yi yawa, suna zaune a gidan dangin mijinta, shi kuma ya bar haƙa ya koma sayar da shayi. Ta ƙara haihuwa, yaran lafiya lau. Muna cikin gaisawa ta ciro waya daga lalitarta ta nuna mini. Masu tura waƙoƙi a kasuwa suna tura littattafan da aka karanta da murya, ita kuma na tsoro take cewa a sa mata. Da ta fara lissafo waɗanda ta saurara, sai na ga ta wuce ni nesa.

Na sa Yaya ta shigar da ita zauren. Saƙon murya take aikowa, ana jin awaki da ƙarar soya a bayanta. Ba ta gaisuwa mai tsawo. Takan ce wannan a neme shi, wancan kada a ɓata lokaci, marubucin bai taɓa jin tsoro ba. Cikin ɗan lokaci mutanen zauren suka riƙa jiran ta yi magana kafin su nemi littafi. Sista, da ke can Filato da jikoki, ta ce muryar nan kaɗai na sa ta tuna ƙanshin sabulun wanki na bayan ɗakin yara.

Wata Juma'a matar ta ce ta samu wanda ya fi duk abin da ta taɓa ji, ta ce kowa ya neme shi. Yaya ce ta fara karantawa. Ta dawo ta ce farkon ya yi kyau amma ƙarshen ya yi sanyi, ba faɗa, ba ƙona kowa. Matar ba ta yi musu ba, ta ce ita dai ya yi mata.

Na samo shi. Labarin wata mata ce da ɗanta ya ɓace a gindin tsamiya da tsakar rana. Ta yi ta roƙo da kuka har masu wurin suka maido mata shi. Amma wanda ya dawo ba ya magana, ba ya cin abin da ya saba ci, sai ya zauna ya zuba wa kusurwar ɗaki ido. Dangi suka ce wannan ba ɗanta ba ne, musanya aka yi mata. Aka ce ta kai shi bakin gulbi ta ajiye ta juyo, kada ta waiwaya. A nan na tsaya, na ajiye wayar, ban koma kansa ba. Sista ta kira ni ni kaɗai ta tambaya ko na fara, na ce na fara. Ta ce Yaya ba ta san ɗiyar matar ba, kuma ba namu ba ne mu gaya mata.

Da aiki ya sake kai ni Bukkuyum na je gidan matar da hantsi. Yarinyar ta zama budurwa. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, an yi mata kitso mai kyau. Uwar ta ce ta gaishe ni, ta ɗago ta yi murmushi ta koma kan gyaɗarta. Tana da 'yan kalmomi yanzu, Inna da ruwa da sunan ƙanenta. Uwar na murza ƙuli tana jefawa a mai. Ta tambaye ni ko na gama littafin, na ce na tsaya a tsakiya.

"Ki ida shi, Malama," in ji ta. "Ta kai shi har bakin gulbin, ta aje shi, ta yi tahiya tai nisa. Sannan tak komo taɗ ɗauki abinta."

Na ce ta karya dokar Yaya. Ta yi 'yar dariya, ta ce nan ba zaure ba ne. Ta ce ta saurare shi ba ta san adadi ba, tana soya tana ji, kuma duk da ta san ƙarshen, in aka zo wurin da matar ke tafiya ta ba gulbin baya, sai hannunta ya tsaya, ta ga kamar wannan karon ba za ta komo ba. Ta faɗi haka tana juya ƙulin da matsami. Muka koma maganar ruwan sama da ya yi jinkiri, da ciwon ƙafar surukarta. Ta ƙulla mini ƙuli a leda, ta ce rabi na Yaya ne in na samu mai zuwa Gummi.

Na gama littafin a Anka ranar da ba ni da aiki, yara na makaranta. Yaya ba ta yi ƙarya ba, marubucin ya yi gaggawa a ƙarshe, akwai ma wani boka da ya shigo da shi ya manta da shi. Na rubuta a zauren cewa ya cancanci a nema. Wasu suka karanta, ra'ayi ya rabu, aka wuce zuwa wani.

Har yanzu zauren na nan, ko da yake wasu sun fita, sabis kuma kan ɗauke mana kwana da kwanaki. Idon Sista ya yi rauni, ita ma ta koma sauraro, kuma na Hausa take nema yanzu. Kwanan baya matar ta aiko saƙo ta ce ta gama duk abin da ke wayarta, a ba ta shawara, amma wannan karon tana son wanda babu yara a ciki. Yaya ta ce tana da wani na fatake da dare ya riske su a ƙauyen da ba kowa sai tukwane kan murhu. Ta tura mata. Matar ta ce ta fara, ba laifi, sai dai fataken sun cika wauta.